Yadda Laburare da Sashen Kwamfuta Suka Haɗa Kai a Jami'ar Stanford

A tsakiyar shekarun 1990, mujallar nan ta binciken sinadaran jikin halittu mai suna Journal of Biological Chemistry ta yi kaurin da ya zama wa ɗakunan karatu kaya. Kowane mako take fitowa, kuma shafukanta a shekara guda sun haura 30,000. Kantoci sun cika, kuɗin aikawa ya yi yawa, mai bincike kuwa sai ya ɓata yini yana laluben maƙala ɗaya.

Maganin ya fito ne daga Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, inda aka riga aka haɗa laburare da sashen da ke kula da na'urori masu ƙwaƙwalwa na koyarwa da bincike a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. A shekarar 1995 shugaban laburaren, Michael Keller, da John Sack, wanda ya fito daga ɓangaren kwamfuta, suka kafa HighWire Press, suka ɗora mujallar a intanet. Ma'aikatan laburare su ne suka san yadda masana ke bin sawun bincike daga wannan maƙala zuwa waccan. Masana kwamfuta kuma suka mai da wannan sani aiki, ta yadda mai karatu zai latsa sunan maƙalar da aka ambata, sai ta buɗe masa nan take.

To, amma sauƙin ya zo da tasa matsalar, kuma ma'aikatan laburare ne suka fara hango ta. Mujallar takarda, da zarar an saye ta, ta zama mallakar jami'a. Wadda ke intanet kuwa tana hannun mawallafi, in ya rufe, ko kuɗin rajista ya yanke, shi ke nan.

Saboda haka a shekarar 1999 wata ma'aikaciyar laburaren, Vicky Reich, da injiniyan kwamfuta David Rosenthal suka fara shirin LOCKSS. Kowane laburare da ya shiga yana ajiye kwafin mujallun a na'urarsa. Lokaci-lokaci na'urorin sukan gwada kwafinsu da na juna, wadda aka ga nata ya saɓa wa na mafi rinjaye sai a gyara mata daga sauran. Ɗalibin ilmin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin kusan haka ƙwayar halitta ke gyara zaren DNA da ya lalace, wato ta hanyar duba ɗan'uwansa mai lafiya.

HighWire dai ta bar hannun laburaren a shekarar 2014, ta zama kamfani mai zaman kansa, sannan kamfanin MPS na ƙasar Indiya ya saye ta a shekarar 2020.