YARON DA KE KWANA BAKI BUƊE

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu kan kwaso ƙura daga Hamada ta zuba a ƙasar Zango. A wannan lokaci, daga 'Yardaje har Sara, da wuya a shiga gida ba a tarar da yaro mai majina ba. Hanci ya toshe, yaro ya koma numfashi ta baki. Idan mura ce kawai, cikin mako ɗaya ko biyu ta wuce. To amma akwai yaran da ba su daina ba. Rani da damina bakinsu a buɗe yake. Da dare su yi ta minshari kamar manya, da safe su tashi leɓe a bushe. A gida a riƙa yi musu tsawa su rufe baki, a makaranta a ce da su sakarkaru. Alhali ba laifinsu ba ne, hanyar iska ce ta toshe.

Aikin hanci shi ne ya tace ƙura, ya ɗumama iska, ya jiƙa ta kafin ta isa huhu. Baki ba ya yin wannan aiki. Akwai kuma wani abu da ba kowa ya sani ba. Idan baki na rufe, harshe yakan kwanta a jikin ganɗa, wato rufin baki. Wannan ɗan dannawa da harshe ke yi dare da rana yana taimaka wa muƙamuƙin sama ya yi faɗi, haƙora su sami wurin zama. Idan kuwa baki ya zauna a buɗe, sai harshe ya sauka ƙasa. Ƙashin yaro ɗanye ne, kamar reshen da ake iya tanƙwarawa. A hankali ganɗa ta tsuke, haƙoran gaba su turo waje ko su hau juna, haɓa ta koma baya, fuska ta yi tsawo.

Likitoci sun daɗe da lura da haka. A shekarar 1970 wani likitan haƙori na ƙasar Suwidin, Linder-Aronson, ya nuna cewa yaran da bayan hancinsu ya toshe sun fi sauran yara doguwar fuska da tsukakkiyar ganɗa. A 1981 kuma Egil Harvold ya ba da labarin gwajin da ya yi a Amurka, inda ya toshe hancin 'yan birai. Birai suka koma numfashi ta baki, haƙoransu da muƙamuƙinsu suka canza. Duk da haka gado ma yana da nasa rabo. Ba kowace doguwar fuska ce ta toshewar hanci ba.

Me ke toshe hancin? Ƙura da hayaƙin itace na madafa suna kumbura cikin hanci. Amma babban dalili shi ne wata tsoka da ke can bayan hanci, wadda ba a ganinta ko an buɗe baki. Kowane yaro yana da ita. Takan fi girma tsakanin shekara 3 zuwa 7, sannan ta motse idan yaro ya kusa balaga. Ga wasu yara takan yi girma har ta tare hanya. Yara masu sikila sun fi fama da wannan.

A nan ne iyaye da yawa ke kuskure. Da an ji yaro yana minshari sai a ce belu ne, a kira wanzami. Belu dabam, wannan tsoka dabam. Ko an yanke belu hanci na nan a toshe, ga kuma hatsarin zubar jini, da ciwon sandarewa, da cutar da aska ke ɗaukowa daga wani yaro zuwa wani. Haka nan kada a ɗaure wa yaro baki ko a manne shi da dare. Ta nan kaɗai yake samun iska.

Abin da ya kamata uwa ta yi shi ne ta duba yaron bayan barci ya yi nisa. Idan yana minshari kullum, ko numfashinsa yana tsayawa sai ya zabura, ko ba ya ji sosai, ko kunne na yawan ciwo, to a kai shi asibiti. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin ƙauye za a tura shi babban asibitin Daura, ko Katsina, ko asibitin Malam Aminu Kano da ke Kano, wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Wani yaron maganin fesawa a hanci ya ishe shi, wani sai an yi masa aiki an cire tsokar. Idan kuma hanci ɗaya ne kawai ke zubar da majina mai wari, sau da yawa ƙwayar wake ce ko ta masara yaro ya cusa. Kada a tsokale shi da tsinke.

Sai maganar tauna. Muƙamuƙi kamar hannun manomi ne, aiki ke ƙara masa ƙarfi. Yaro mai numfashi ta baki ba ya son abinci mai tauri, domin ba zai iya tauna da numfashi a lokaci ɗaya ba. Sai ya haɗiye tuwo da koko da sauri, naman muƙamuƙi ya yi rauni. A wannan fanni yaran karkara sun fi na birni sa'a. Rake da goriba da aya da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara duk suna sa muƙamuƙi aiki, sun kuma fi alewa da biskit amfani ga haƙori. Sai dai kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ɗungurungum, don takan sarƙe shi ta faɗa hanyar huhu.