Aikin Insulin a Jikin Lafiyayyun Malayawa

Insulin sinadari ne da wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, take fitarwa zuwa cikin jini. Aikinsa shi ne kwashe sukari daga jini ya shigar da shi cikin tsoka da kitse da hanta. Banting da Best ne suka fara tsamo shi a Toronto a shekarar 1921.

Abubuwa biyu masana ke aunawa. Na farko shi ne yawan insulin da fankiriyas ke fitarwa. Na biyu kuwa shi ne yadda jiki ke amsa masa. Idan jiki ya fara yi wa insulin taurin kai, sai fankiriyas ta ƙara yawan abin da take fitarwa domin cike gurbi. Mutum kan shekara da yawa a haka, gwajin sukarinsa na nuna lafiya lau, alhali gaɓar tana aikin da ya fi ƙarfinta. Ranar da ta gaza ne ciwon sukari ke bayyana. Malayawa suna kiran wannan ciwo kencing manis, wato fitsari mai zaƙi. Su sun dubi alamar, Bahaushe kuma ya dubi sukarin.

A shekarar 1985 masana a Okusfod suka fito da lissafin HOMA, wanda ke ƙiyasta abubuwan biyu daga jinin da aka ɗiba kafin karin kumallo. Sauƙinsa ya sa ya yaɗu a ƙasashe irin su Malesiya.

To, me ya sa ake auna masu lafiya? Dalili shi ne, ba a iya cewa awo ya kauce sai an san daidaitacce, kuma mafi yawan ma'aunai an gina su ne a kan Turawa. Mutanen Asiya kan tara kitse a cikin ciki ko da ba su yi ƙiba ba. Shi ya sa a 2004 kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa haɗari gare su kan fara daga 23 a ma'aunin nauyi da tsawo, ba 25 ba. Bincike a Singafo ya nuna cewa jikin 'yan asalin Indiya ya fi bijire wa insulin, na 'yan asalin Sin ya fi amsa masa, Malayawa kuma suna tsakani.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Ƙididdigar lafiya ta Malesiya ta 2019 ta gano kashi 18.3 cikin ɗari na manya suna da ciwon sukari, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A ganina, wannan rabin ne ya fi cancantar kulawa, domin a matakin farko motsa jiki da rage teɓa suna iya dawo da amsawar jiki ga insulin.