Gyaran Gida Da Lambu Bayan Ɓarnar Damina A Ƙasar Kura

Kowace shekara in marka ta kama, watau kwanakin Ɗarfa da Jabha a lissafin malamai, ba a rasa labarin katangar da ta faɗi ko soron da ya rufta a Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙauyukansu. Ruwan da ke sauka a ƙasar Kano a shekara ta tsaka-tsaki ya kan kai milimita 800 zuwa 900, kusan sulusinsa kuwa a cikin watan Agusta kaɗai ya ke zuba. Wata shekarar abin ya kan wuce misali. A Agustan 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, a ƙarshen Agustan 2001 kuma ambaliya ta ci garuruwan bakin kogi a Kano da Jigawa. Amma irin waɗannan jefi-jefi ne. Ɓarnar da ta fi cin dukiyar talaka ita ce ta kullum, wadda ba a bugawa a jarida: gindin katanga ya zaizaye, indararo ya karye, tsakar gida ta zama tafki, gwandar uwargida ta ruɓe a tsaye.

A zamanin da, gyaran wannan duka yana da lokacinsa sananne. In an gama kaka, an kai hatsi rumbu, sai gari ya koma ga maginansa. A haƙo ƙasa a kududdufi, a kwaɓa, a yi tubali, a yi yaɓe, tun daga hunturu har bazara, ba mai gaggawa, domin gona ba ta neman kowa sai ruwa ya sauka. To, a ƙasar Kura wannan hutu ya ƙare. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwanta ta Ruwan Kanya ya gangaro cikin manyan magudanai, waɗanda a ke ce wa kanal, rani ya zama damina ta biyu. Kashin farko na aikin an tsara shi ne a kan hekta 22,000, Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are kuwa, wadda aka kafa a 1976, ita aka danƙa wa riƙonsa. Manomi yana gama yankan shinkafa sai sharar wurin alkama a Nuwamba, ga dashen tumatir da albasa, ga ban ruwa mako-mako. Ɗan kasuwa kuma yana Kwanar Gafan wajen kwandunan tumatir, ko yana bakin injin casa. Kafin mutum ya waiwayi katangarsa sai ya ji tsawar farko daga gabas.

Akwai kuma abu na biyu da ruwan Tiga ya kawo, wanda ido ba ya gani. Ƙasar da a ke shayarwa rani da damina shekara hamsin ba ta bushewa kamar da. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso a wurare da dama, tun ba inda magudanan fitar da ruwa suka toshe da kachala ba. Gidan da ke kusa da kanal ko a kwari, gindin katangarsa ya kan sha danshi daga ƙasa ko da sama ba ta zubo ko ɗigo ba. Alamarsa ita ce wani farin gishiri da ke fitowa a ƙasan bango, ƙasar wurin ta yi laushi tana zuba kamar gari in an taɓa. Irin wannan katanga ta riga ta raunana kafin marka, ruwan Agusta ƙarasa ta kawai ya ke yi.

Saboda haka mai hankali in ya tashi gyara, da hanyar ruwa ya kan fara. Galibin mutane in katanga ta faɗi sai su kira magini ya tayar da ita a inda ta ke, yadda ta ke, su bar rariyar da ta kashe ta a toshe. Baɗi war haka sai a sake biyan magini. Ga lissafi mai sauƙi wanda kowane ɗan kasuwa zai iya yi da ka. Soro mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, in aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, abin da zai zubo daga kansa lita 1,000 ne, watau durom biyar cike. Gida mai ɗaki huɗu da zaure, durom ashirin da biyar ke nan, ban da wanda ya sauka a tsakar gida. Wannan ruwa duka ta rami guda ya ke neman fita, ramin da sau da yawa bai wuce a zura hannu ba, ga shi kuma leda da toka da kashin awaki sun cushe shi. Sai a faɗaɗa rariya, a ɗaure bakinta da dutse ko bulo da siminti, a cike kwarin tsakar gida da burji a daɓe, a karkata daɓen ya nufi rariya. Ƙarƙashin kowane indararo a ajiye faffaɗan dutse ko randa, kada ruwa ya riƙa dukan ƙasa yana fantsama ga bango. Indararon kansa ya zama dogo, ya zarce bango da kamu guda ko fiye.

A Kura akwai wani ruwan da ba na sama ba. Gidaje da yawa mata suna turara shinkafa a manyan tukwane da durom, su shanya, a kai inji. Sana'a ce mai albarka, ita ke riƙe da gidaje masu yawa, amma ruwan jiƙon da a ke zubarwa kullum a lungu guda, jikin katanga guda, ya kan yi mata abin da damina ba ta yi ba. Wurin turara ya kamata a yi masa tasa 'yar kwata.

In ruwa ya sami hanya, sa'an nan a duba katanga. Wadda ta tsage daga sama zuwa ƙasa amma tana tsaye sak, ana iya buɗe tsagar a jiƙa a cusa sabuwar ƙasa. Wadda ta karkata ko cikinta ya kumbura, wannan ba ta da magani sai rushewa, kuma tun daga sama a ke sauke ta, a kawar da yara da dabbobi, a lura da maciji da kunama a cikin ɓaraguzai. A nan akwai hukunci da almajiran fiƙihu suka sani. A cikin Muhtasar na Shaihu Halil an ambaci katangar da ta karkata: in an gargaɗi mai ita, ya kuma sami damar gyarawa bai gyara ba, ta faɗa wa mutum ko dukiya, to lamuni yana kansa. Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ta hana mutum ya ƙagi abin da zai cuci maƙwabcinsa, ta ce in an yi jayayya a kan katangar tsakani, a duba wajen wanda ɗaurin ginin ya ke. Har wani magini na Tunis, Ibnur Rami, a ƙarni na 8 na Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan hukuncin gine-gine, ciki har da rigimar indararo da magudana. Wannan rigima kuwa ba ta tsufa ba. Wanda ya cike gidansa ya ɗaga shi, ya juya rariyarsa ta fuskanci bangon maƙwabci, nasa gyaran ya zama rushewar wani. Kafin a zuba burji ko kura guda, ya kamata maƙwabta su tsaya tare da mai unguwa a ga inda ruwan lungu zai bi har ya fita gari.

Ƙasar gini ba kowace ba ce. Baƙar laka ta fadama tana tsagewa in ta bushe, ƙasar gonar da ta yi gishiri kuwa ita ce cutar da a ke gudu. Jar ƙasa mai ɗan burji magina ke so. A zuba mata ramno, ko tattakar shinkafa da ta alkama, wadda ba ta da wuya a wannan ƙasa, a jiƙa, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, a sake tattakewa. Gaɓar kanal ba wurin ɗibar ƙasa ba ce, ko da ta fi kusa, domin wanda ya rage ta ya buɗe wa ruwa ƙofa zuwa gonakin jama'a da gidajensu. Gindin sabuwar katanga, a wurin da ke da danshi, a tayar da shi da dutse ko bulo har ya wuce inda ruwa ya tsaya bara, sa'an nan a ɗora tubali. Kuma ba a tayar da ita rana ɗaya. A jera sahu kaɗan, a bari ya sha iska, gobe ko jibi a ƙara.

Hunturu yana taimakon magini, yana kuma cutarsa. Tubali na bushewa da sauri, amma yaɓe mai kauri in iskar ta buge shi sai ya tsattsage tun bai kama ba, don haka a kan yi shi sirara-sirara, sau biyu. Wanda ya yi aikin siminti kuwa, bulo ne ko filasta, lalle ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya ƙone ya zama gari. Akwai wani kuskure da ya yawaita tun da siminti ya shigo: a shafe bangon ƙasa da shi, a ga ya yi kyau kamar gidan birni. Siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa ya kan shiga ta bayansa ya rasa mafita, bango ya ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta zubo faifai guda. Magabata da makuba su ke shafe bango, watau ruwan ɓawon ɗorawa. Rufin soro kuwa da laso, wanda a ke haɗawa da katsi da gashin jima da dafara. Katsin nan daga ƙasan karofi a ke kwaso shi a ƙone, Kura kuwa garin rini ce tun fil azal, rawaninta mai sheƙi har Agadas Buzaye ke nemansa, saboda haka katsi bai taɓa yi wa maginanta wuya ba sai da marina ta ja baya. Inda ba a sami laso ba, makuba tana nan, sai dai tana son a sabunta ta a kai a kai, musamman bangon gabas, domin ta nan hadari ke tasowa.

Mai soro ya hau ya duba azara. Ta giginya gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke cikin bango ya kan ruɓe in yoyo ya daɗe. Kada a yi ta ƙara ƙasa a kan rufi shekara-shekara ba a kankare tsohuwa ba, nauyi ne ke taruwa, in ya sha ruwa ya ƙaru. Mai kwano kuwa, abokin gabarsa iskar farkon damina ce, ta Mayu da Yuni. Kwano ba ya tashi shi kaɗai, da katakonsa ya ke tafiya, don ba a ɗaure katakon da bango ba. A ɗaure shi da langalanga ko waya mai kauri, a nutsa ta sahu uku ko huɗu cikin gini. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da a ke ɗorawa a sama, ranar babbar iska su ma abin jifa ne.

Rijiyar da ambaliya ta shiga, ko masai ya cika ya malalo kusa da ita, ba a shan ruwanta sai an yashe ta, an sa maganin kulorin da ma'aikatan lafiya ke bayarwa, an ɗaga bakinta. Amai da gudawa ta nan ya kan shigo gida.

Saura lambun bayan ɗaki, wanda maza kan manta da shi, alhali daga nan miyar gida ke fitowa. Gwanda ba ta jure ruwa a gindinta, kwana biyu ko uku ya isa saiwarta ta ruɓe. In ganyenta ya yi rawaya ya sunkuya, a sare, a shuka wata a kan tudu. Zogale kuwa mai sauƙin kai ne: iska ta kan karya shi da wuri, amma reshen da ya karye in an datse shi kamu biyu aka kafa, sai ya tsiro. Ƙaramin mangwaro ko gwaiba ko lemun tsami da ya kwanta, in saiwarsa ba ta tsinke ba, a tayar da shi tun ƙasa na da danshi, a tokare da sanda, a rage masa ganye. Reshen da ya tsage a yanke shi da zarto daidai inda ya fito, kada a bar ɓaraka, nan gara da ruɓa ke shiga. Darbejiya da ta yi rassa bisa rufi a sassabe ta cikin rani. Cediya da durumi inuwarsu na da daɗi a ƙofar gida, amma kusa da bango ko rijiya saiwarsu ɓarna ce.

Ƙasar lambun da ruwa ya kwanta a kai ta kan yi ɓawo mai tauri in ta bushe. A fasa ta da fartanya, a zuba taki da ya ruɓe da 'yar toka, a tayar da kunya ko fangali mai tudu, a bar wa ruwa hanya a tsakani. Alayyafo da yakuwa da ruwan masai ya taɓa a tumɓuke su a zubar. Dangar kara da ta faɗi, lokacin sabunta ta shi ne bayan girbin dawa, sa'ad da kara ke da arha, sai dai a nisanta ta da murhu, domin gobarar hunturu ta danga ta kan bi gida-gida. Wanda ya kafa rassan zogale ko ya shuka lalle a jikin dangar, cikin shekara biyu ya sami shinge mai rai wanda iska ba ta kayarwa.

Tun da rani ba ya ba da hutu a wannan ƙasa, sai a yanka aikin gida biyu. Hanyar ruwa da rushe abin da ya karkata da kwaɓa ƙasa, a yi su da ɗaukewar ruwa, cikin Oktoba, kafin shukar alkama. Gini da yaɓe a bi su a hankali cikin hunturu. Rufi da shafen makuba kuwa bayan an yanke alkama a Maris ko Afrilu, sa'ad da kuɗi ya shigo hannu. Gidan gwauruwa da na marayu da makarantar allo, waɗannan aikin gayya ne, yini guda na samarin unguwa ya ishe su. In an gama duka, kafin Mayu ya shiga, mai gida ya sa yaro ya hau soro da bokiti biyu na ruwa ya zuba, shi kuma ya tsaya a ƙasa ya bi ruwan da ido, daga indararo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa rariya, har ya ga inda ya fita a lungu.