Wai Wuta Ta Kashe Komai?

A wata majalisa a Bagama, nan Suleja, na tarar ana gardama kan wani ƙyafaffen nama da aka sayo a bakin hanyar Kaduna, wai na yanyawa ne, wai yana sa yaro wayo. Da na ɗaga murya sai aka ce, "Haba Malam, ai wuta ta kashe komai." Wannan magana ta ishe ni.

Yanyawa dai dangin kare ce da dila, 'yar ƙarama mai manyan kunnuwa, da ƙyar take kai kilo 4. A rami take kwana a ƙasar rairayi, wajajen Sakkwato, Katsina da Maradi, sai dare take fita. Abincinta ɓera, ƙadangare, fara, ƙwan tsuntsu da 'ya'yan itace, da kaza in ta samu sake. A dajin da ke kewaye da Dutsen Zuma an fi sa ran dila, shi kuwa har mushe yana ci. To naman da aka cire wa kai da fata, hayaƙi ya baƙanta shi, wa ya tabbatar maka ba na kare ba ne? Ta fuskar addini, Mukhtasar na Shehu Khalil ya sa naman yanyawa cikin makaruhi, Hanafiyya sun haramta, Shafi'iyya sun halatta.

Mu koma kan wuta. Gaskiya ne, dahuwa sosai tana kashe ƙwayar haukan kare da irin waɗannan dabbobi kan ɗauka. Amma kafin naman ya hau wuta, hannu nawa ya taɓa shi? Ƙwayar tana zaune ne a miyau da ƙwaƙwalwa. Maharbin da ya ciro dabbar daga tarko ta yakushe shi, mai fiɗar da wuƙa ta ɗan yanke shi a yatsa, yaron da aka sa ya riƙe kan, duk sun gama haɗuwa da ita tun ba a hura wuta ba. Abin haushin ma, dabbar da ta fi sauƙin kamu ita ta fi hatsari. In ka ga dila ko yanyawa tsakar rana a bayan gari, ba ta gudun mutane, kada ka ce tsuntsu daga sama gasasshe. Lafiyayya ba ta yin haka. Ƙyafi kuma bai isa ya kashe tsutsar da ke ɓuya a tsokar masu cin nama ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, alhali tun 1885 Louis Pasteur ya samo rigakafinsa a Faransa. Cutar kan yi wata 2 zuwa 3 a ɓoye, da zarar majinyaci ya fara tsoron ruwa kuwa, sai dai addu'a.

Wanda irin wannan dabba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15. Kada a zuba toka, kada a ɗaure da tsumma, kada a tsaya neman gashin dabbar a ƙona a shafa. A ranar a nufi Babban Asibitin Suleja a nemi allurar rigakafi, kuma a ƙarasa ta har ta ƙarshe ko da ciwon ya warke. Mafarauta kuma ku kai karnukanku wurin likitan dabbobi a yi musu allura, don su ke fara kokawa da dila kafin su dawo gida su lashi hannun yara.