Musa Al-Taamari: Daga Amman Zuwa Filayen Faransa

A farkon Fabrairun 2024 hankalin masu kallon ƙwallo a Najeriya yana Kodibuwa, inda Super Eagles ke shirin karawa da Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe. Shi ya sa da yawa ba su ga abin da ya faru a Katar ana gobe wasan ba. Ranar 6 ga wata, a filin Ahmad bin Ali da ke Al Rayyan, Jodan ta doke Koriya ta Kudu da ci 2 da nema a gasar cin kofin Asiya. Na kalli wasan, kuma tun daga ranar nake bibiyar wanda ya juya akalarsa, Musa Al-Taamari.

Sai an san wace ce Koriya kafin a gane girman abin. Ƙasa ce da ba ta fashin zuwa gasar cin kofin duniya tun 1986. Ranar tana da Son Heung-min na Tottenham da Lee Kang-in na PSG, ga Jurgen Klinsmann a matsayin koci. Jodan kuwa ba ta taɓa wuce wasan kwata-fainal a gasar Asiya ba. Amma aka tashi wasan Koriya ba ta buga ko ƙwallo ɗaya da ta nufi raga ba.

A minti na 53 wani ɗan tsakiyar Koriya ya mayar da ƙwallo baya da sakaci. Musa ya riga kowa ganin kuskuren, ya tsinke ta, ya ruga, ya jira har 'yan baya suka karkato kansa, sannan ya zura wa Yazan Al-Naimat, shi kuma ya ɗaga ta saman gola. Ta biyun, a minti na 66, ita ce nake yawan komawa in sake kalla. Ya karɓi ƙwallon kusa da tsakiyar fili, ya yanko ciki daga dama, 'yan Koriya na biye da shi ba wanda ya iya kai ƙafa, ya kai bakin yadi 18, ya shimfiɗa ta ƙasa da ƙafar hagu. Abin da ya fi burge ni shi ne natsuwarsa. Da yawa daga masu gudu irin nasa, in sun iso gaban raga numfashi ya ƙare, dabara ta gudu. Shi da sauran hankalinsa ya iso. Ba a yi mako biyu ba Koriya ta sallami Klinsmann.

An haifi Musa a Amman ranar 10 ga Yunin 1997. Ƙwallon Jodan ta daɗe a hannun manyan ƙungiyoyi biyu, Al-Faisaly da Al-Wehdat, amma shi ba a cikinsu ya taso ba. A Shabab Al-Ordon ya fara, ya yi zaman aro a Al-Jazeera, aka kuma kira shi tawagar ƙasa tun 2016 yana ɗan shekara 19.

Shawarar da ya yanke a 2018 ce, a ganina, ta raba shi da tsararrakinsa. Ɗan wasan Jodan da ya yi fice, hanyar da aka saba ita ce ta ƙasashen Larabawa masu arziki: Katar, Saudiyya, Kuwait, Daular Larabawa. Albashi mai tsoka, harshe ɗaya, abinci ɗaya, gida kusa. Ba laifi ba ne, domin rayuwar ɗan ƙwallo gajeriya ce kuma akwai iyali a bayansa. Musa ya nufi tsibirin Saifurus, ya sa hannu a APOEL ta birnin Nicosia. Gasar Saifurus ba ta cikin waɗanda ake nunawa a gidajen kallo, amma tana da ƙofa guda: zakaranta yana buga wasannin Turai. A kakarsa ta farko suka ɗauki kofin lig, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. A Agustan 2019 ya fuskanci Ajax a wasan neman gurbin Gasar Zakarun Turai, Ajax ɗin da watanni kaɗan kafin nan ta fitar da Real Madrid da Juventus. An fitar da APOEL, amma masu farautar 'yan wasa sun gan shi.

Daga nan sai Beljiyam, a 2020, ƙungiyar OH Leuven, wadda masu Leicester City ta Ingila ke riƙe da ita. Shekara uku ya yi can. Ba shekarun da ake yawan magana a kansu ba ne, amma ina ganin a nan ya koyi abin da gwanin yanka ba ya so: komawa baya ya taya tsaro, matsa wa mai ƙwallo, jure karo da ƙattai cikin sanyi. Ƙwallon farko da aka ci Koriya daga wannan matsin ta fito.

A 2023 ya koma Montpellier, ya zama ɗan Jodan na farko da ya buga babbar gasar Faransa. Bai yi wata guda da fara wasa ba ya ci Lyon ƙwallo biyu a gidanta, aka tashi 4 da 1. A farkon 2025, lokacin da Montpellier ke nutsewa a ƙasan teburi, Rennes ta saye shi. Mataki huɗu ke nan a Turai, kowanne ya ɗara na baya kaɗan, kuma babu inda ya je ya ɗumama benci don a ce yana babbar ƙungiya. Sannu ba ta hana zuwa.

A tawagar ƙasa, wadda suke kira Nashama, wato jarumai, ba shi kaɗai ba ne, kuma rashin adalci ne a nuna haka. Shi da Al-Naimat da Ali Olwan ne suka haɗa gaban da ya kai Jodan wasan ƙarshe a ƙarƙashin koci Hussein Ammouta, ɗan Maroko. Sun fara da lallasa Malesiya 4 da nema, Musa ya ci biyu. Sun fito daga rukuni a na uku da ƙyar, suka ci Iraki ƙwallo biyu a mintunan ƙarin lokaci aka tashi 3 da 2, suka wuce Tajikistan. A wasan ƙarshe a Lusail, ranar 10 ga Fabrairu, mai masaukin baƙi Katar ta ci su 3 da 1, duka ukun bugun fenareti ne na Akram Afif. Washegari Najeriya ma ta faɗi a hannun mai masauki a Abidjan, don haka mun san irin wannan ɗacin.

Akwai wani tsohon ciwo da Jodan ke ɗauke da shi. A Nuwamban 2013 wasa biyu suka rage mata ta je gasar duniya ta Brazil, sai Uruguay ta Suarez da Cavani ta zo har Amman ta zuba mata biyar. Musa yana ɗan shekara 16 lokacin. Sai ranar 5 ga Yunin 2025 aka share hawayen: Jodan, a ƙarƙashin wani ɗan Marokon, Jamal Sellami, ta ci Oman 3 da nema a Maskat, Olwan ya ci duka ukun, ta samu gurbin gasar duniya karo na farko a tarihinta. Gaskiya ne ƙara yawan ƙasashe zuwa 48 ya faɗaɗa ƙofa. Amma Jodan ba ta bi ta wasan cike gurbi ba, ta biyu ta zo a rukuninta, bayan Koriya, gaban Iraki.

Da aka raba rukunin gasar duniyar, Jodan ta faɗa tare da Ostiriya da Aljeriya da Ajantina. 'Yan jarida sun daɗe suna kiran Musa "Messin Jodan", saboda ƙafar hagu da yankowa daga dama. Ba na son laƙabin. Yana ɗora masa nauyin da ba nasa ba, yana kuma ɓoye irin wasansa. Musa ba mai yawan cin ƙwallaye ba ne, akwai ranakun da yakan riƙe ƙwallo fiye da kima, ko ya ɓarar da damar da ya wahala ya samar. Ƙarfinsa yana cikin sarari: a bar masa fili a bayan 'yan baya, ya kwaso ƙwallo daga nesa da gudu. Ƙaramar ƙasa da za ta shafe yawancin wasa tana tsare gida a gaban manya, irin wannan ɗan wasan take buƙata fiye da kowa, kuma a kansa Ammouta da Sellami suka gina dabarunsu.