Yawan Kifi A Tafki Ba Shi Ne Yawan Riba Ba

Sau da dama mukan ji mai shirin kiwon kifi yana lissafi da baki, wai idan dubu ɗaya sun kawo riba kaza, dubu biyu za su ninka ta. Bari mu duba wannan lissafi a kan wani kifi da ake kira bas mai babban baki.

Asalinsa daga koguna da tafkunan gabashin Amurka ta Arewa ne. A shekarar 1983 aka shigar da shi lardin Guangdong na ƙasar Sin, kuma a 2021 abin da Sinawa suka kiwata ya haura tan dubu 700. Kifi ne mai cin nama, saboda haka abincinsa yana da tsada, furotin ɗin cikinsa yakan wuce kashi 40 cikin ɗari.

To, idan aka ƙara yawansa a tafki, jimillar nauyin da za a kwashe takan ƙaru har zuwa wani mataki. Daga nan sai girman kowane ɗaya ya fara ja da baya. Masu ƙarfi su danne abinci, raunana su tsumbure, shi kuwa bas ba ya jin kunyar haɗiye ƙaninsa. Ga kuma kasuwa, wadda ba ta sayen ƙanana da farashin manya.

Amma a ganinmu babbar matsalar tana cikin ruwan ne. Yawan kifi yawan abinci ke nan, yawan abinci kuwa yawan kashi da ragowar da ke ruɓewa a ƙasa. Kifin da kansa yana fitar da sinadarin amoniya, wanda dafinsa ke ƙaruwa idan ruwa ya yi zafi da la'asar. Wannan datti taki ne ga gansakuka, sai ruwa ya yi kore shar. Da rana gansakukar tana ba da iskar oksijin, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi tare da kifin. Shi ya sa iskar ta fi ƙaranci da asuba, lokacin da mai tafki yake barci. Bas yana son wajen miligiram 5 a kowace lita. Idan ta faɗi ƙasa sosai sai ya daina ci, ya taso sama yana haki, wani lokaci gari ya waye tafki ya yi fari da gawa. Masu cika tafki a Guangdong suna iya yin haka ne domin suna da injuna masu kaɗa ruwa da wutar da za ta juya su dare da rana.

Mu nan tarwaɗa muka fi kiwo, ita kuwa tana iya leƙowa ta shaƙi iskar sama, abin da bas ba ya iyawa, don haka ta fi shi jure cunkoso nesa ba kusa ba. Sai dai wannan baiwa ba ta kare ta daga amoniya, kuma ita ma manyanta suna cin ƙanana idan ba a riƙa ware su bisa ga girma ba.