Maganin Da Ke Bin Ciwon Daji Har Cikin Ƙashi

Sau da yawa akan ga dattijo ya fara kukan ciwon baya ko na ƙugu, a ce ai tsufa ne, ko kuwa sanyi ne ya kama shi. A yi ta shafe-shafe da jiƙe-jiƙe wata da watanni, sai ranar da ƙafa ta ƙi ɗaukarsa sa'an nan a kwashe shi zuwa asibiti. A can ne likita zai ɗauki hoto ya tarar ciwon daji ne, kuma ba a ƙashin ya faro ba. Asalinsa daga wani ɗan ƙullutu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wanda ya kewaye hanyar fitsari, likitoci suna kiransa furostet. Jama'a kan ce sankarar mafitsara, ko da yake ita mafitsarar ba ruwanta. A Nijeriya babu ciwon dajin da ya fi wannan yawa a tsakanin maza, kuma akasari ba a zuwa asibiti sai ya yi nisa.

In ciwon nan ya tashi yaɗuwa, ƙashi yake fara nufa, musamman ƙashin baya da na ƙugu da haƙarƙari. Cikin mutum goma da ciwon ya yi wa nisa, kusan tara akan same shi a ƙashinsu. Daga nan sai zogi mai hana barci, da karaya ba tare da wata faɗuwar kirki ba, wani lokaci har ya danne lakar baya ƙafafu su shanye.

Tun a 1941 wani likita a Shikago ta ƙasar Amurka, Charles Huggins, ya gano cewa sinadarin mazakuta da maraina ke fitarwa shi ne abincin wannan ciwo, in an yanke masa shi sai ya lafa. Wannan ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1966, kuma har gobe da dabararsa ake fara magani, ko ta fiɗa ko ta allura. Amma fa lafawar ba ta ɗorewa. Bayan shekara biyu ko uku ciwon kan koyi rayuwa ba tare da abincin nan ba, ya ci gaba da ɓarna. Akwai kuma gashi, watau haska wurin ciwon da na'ura daga waje, kuma yana kashe zogi ƙwarai. To, amma na'ura wuri guda take saitawa. Yaya za a yi da mutumin da ciwon ya watsu masa a wuri ashirin?

Amsar da masana suka samo tana da tarihi mai ban tausayi. A 1898 ne Marie Curie da mijinta Pierre suka gano wani sinadari a Faransa suka sa masa suna rediyam, wanda ke fitar da tartsatsin da ido ba ya gani. Daga wajen 1917 masana'antu a Amurka suka ɗauki 'yan mata aikin shafa fentin rediyam a fuskar agogo domin lambobin su riƙa haske da dare. Don bakin buroshi ya yi tsini, sai aka koya musu su riƙa lasarsa. Ba a yi shekaru da yawa ba haƙoransu suka fara zubewa, muƙamuƙai suka ruɓe, wasu suka mutu da ƙuruciyarsu. Da aka bincika sai aka ga rediyam ɗin da suka haɗiya ya tafi ya zauna a ƙashi. Dalili kuwa shi ne rediyam ɗan gida ɗaya ne da kalsiyam, sinadarin da jiki ke gina ƙashi da shi, jiki kuwa ba ya iya rarrabe su. Duk inda ake ginin ƙashi, can zai aika da shi.

To, ga inda dabarar take. Ciwon dajin furostet in ya sauka a ƙashi yakan tayar da gini na hauka a kewayensa, sabon ƙashi marar ƙwari ya yi ta tsirowa. Ashe ke nan in an zuba rediyam a jijiya, jiki da kansa zai kwashe shi ya kai bakin ƙofar ciwon, ko a wuri nawa yake. Abin da ya rage shi ne a sami irin rediyam ɗin da zai gama aiki ya mutu. Wanda ya kashe 'yan matan agogo, mai lamba 226, sai ya shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Masana a Oslo ta ƙasar Norwe suka zaɓi ɗan'uwansa mai lamba 223, wanda rabin ƙarfinsa ke tafiya cikin kwana 11 da 'yan sa'o'i. Tartsatsin da yake fitarwa, wanda ake kira alfa, yana da nauyin duka amma ba shi da nisan zango, bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, watau kaurin gashin kai. Saboda haka yakan ragargaza ƙwayoyin ciwon da ke dab da shi, ɓargo kuwa, inda ake yin jini, ɓarnar da ke isa gare shi kaɗan ce. Kafin wannan an yi amfani da wasu sinadarai masu bin ƙashi, kamar sitironshiyam 89 da samariyam 153, sun rage zogi amma ba a nuna sun ƙara kwana ba.

An gwada rediyam 223 a kan maza 921 a ƙasashe 19, ƙarƙashin jagorancin Dokta Chris Parker na asibitin Royal Marsden a Ingila. Kashi biyu cikin uku aka yi musu allurar gaske, sauran aka yi musu wadda ba magani a ciki. Sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna matsakaicin kwanan waɗanda suka sami maganin wata 14.9 ne, na sauran kuwa wata 11.3. Lokacin da akan ɗauka kafin a sami karaya ko wata babbar matsalar ƙashi ya tashi daga wata 9.8 zuwa 15.6. A watan Mayu na shekarar hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi, kamfanin Bayer yana sayar da shi da sunan Xofigo. Allura shida ake yi, ɗaya kowane mako huɗu, mutum ya koma gida a ranar.

Mai karatu zai ce, duk wannan hidima a kan wata uku da rabi? Tambayar tana kan hanya, kuma gara a faɗi gaskiya: maganin nan ba ya warkarwa. Sai dai lissafin matsakaici ne, wani ya sami fiye da haka nesa, wani bai sami kome ba. Kuma a ganina wata shidan nan da aka jinkirta karaya sun fi a duba. Wanda ya taɓa jinyar uban da ba ya iya juyawa a kan gado sai an juya shi, ya san darajar wata shida da mutum zai yi yana kai kansa bayan gida, yana fita ƙofar gida a gaishe shi. Yana da nasa illolin, kamar gudawa da tashin zuciya da ƙarancin jini. An kuma gano cewa haɗa shi da ƙwayar abiraterone yana ƙara yawan karaya, har hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi a 2018. Bugu da ƙari, ƙashi kaɗai ya sani. In ciwon ya shiga hanta ko huhu, rediyam ba ya binsa can.

Wannan giɓi shi ne magani na biyu ya zo ya cike. A fatar yawancin ƙwayoyin ciwon dajin furostet akwai wata alama da ake kira PSMA (kada a rikita ta da PSA, gwajin jinin da akan yi wa maza don neman alamun ciwon tun da wuri). Masana a Haidelbag ta ƙasar Jamus suka haɗa wani ƙanƙanin sinadari da ke maƙale wa wannan alama kamar ƙarangiya a jikin riga, suka ɗaura masa lutishiyam 177, shi ma mai fitar da tartsatsi. Ko ciwon yana ƙashi, ko kaluluwa, ko hanta, zai bi shi. Kafin a ba mutum, sai an yi masa hoto na musamman da irin wannan sinadari mai maƙalewa, a ga ko ciwonsa yana ɗauke da alamar. In bai haska a hoto ba, maganin ba nasa ba ne. Gwajin da aka yi a kan maza 831, aka buga a 2021, ya nuna wata 15.3 ga waɗanda suka samu, wata 11.3 ga sauran. Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2022 da sunan Pluvicto, na kamfanin Novartis, allura ɗaya kowane mako shida har sau shida. Da yake maɓuɓɓugan yawu su ma suna da wannan alama, bushewar baki tana cikin abin da majinyata suka fi kuka da shi. Akan kuma umarce su da su nisanci yara da mata masu ciki har mako guda bayan kowace allura.

Nahiyarmu ba 'yar kallo ba ce a wannan fage. A Firitoriya ta Afirka ta Kudu, Farfesa Mike Sathekge da abokan aikinsa sun yi suna a duniya wajen ɗaura wa wannan sinadari mai maƙalewa aktiniyam 225, wanda ke fitar da tartsatsin alfa irin na rediyam.

Sai dai akwai ƙaya biyu a hanya. Ta farko kuɗi: da Pluvicto ya fito a 2022, allura ɗaya ta haura dala dubu 40 a Amurka. Ta biyu ta fi wuyar cirewa, domin magani ne da ke mutuwa da kansa. Rabin ƙarfin lutishiyam yana tafiya cikin ƙasa da mako guda, kwalbar Pluvicto kuwa kwana biyar take da shi tun daga masana'anta har zuwa jijiyar majinyaci. Ba a iya sayo shi a jibge a sito kamar sauran magunguna. Kowace kwalba da sunan mai ita da ranar allurarsa ake haɗa ta, in jirgi ya makara ko takarda ta tsaya a tashar kwastan, ta tashi aiki. Ko a Amurka an yi ƙarancinsa a 2023, lokacin da masana'anta guda a ƙasar Italiya ke ɗauke da nauyin samar musu da shi. A Nijeriya akwai sashen aikin likita da nukiliya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Duk asibitin da zai ba da irin wannan allura sai ya tanadi na'urar hoton da ke zaɓen majinyaci, da ɗaki mai kariya, da wurin ajiye sharar nukiliya har ta huce, da ma'aikatan da suka san awon tartsatsi, da kuma wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa.